Kaset Ɗin Michitaka

Ranar da muka kwashe kayan gidanmu na Hachinohe,
a ƙasan akwatin rigunan sanyi
na tsinci kaset, an rubuta a jikinsa da jan biro:
"Na Michitaka ne. Kada a taɓa."
Na taɓa.

Sai da na zaga shago huɗu kafin na sami rikoda.
Mai shagon ya hure mata ƙura, ya ƙi karɓar kuɗi.

Da farko shuuu, kamar teku daga nesa.
Sai fiyano, a hankali, kamar mai tafiya da sanɗa,
sai muryar matar nan da ba mu taɓa ganin fuskarta ba,
wadda ke rufe katun ɗin yammacin Lahadi
lokacin da sunaye ke hawa sama kamar hayaƙi,
yarinyar zane tana gudu a bakin kogi,
tana gudu, tana gudu, ba ta isa ko'ina ba.

Daƙiƙa casa'in ce waƙar, duka-duka.
Mun san nufinta tun ba mu san kalmominta ba:
hutu ya ƙare, gobe makaranta,
ruwan wanka ya yi zafi, a kashe talabijin.
Kiɗan yana murmushi, muryar tana ban kwana,
irin na mai ɗaga hannu a tasha
har jirgi ya sha kwana, hannun bai sauka ba.

Yayana ba shi da wayar haɗawa.
Manna rikodar yake yi a bakin talabijin,
ya durƙusa, ya riƙe numfashi,
ya zare mana ido, kowa ya kama bakinsa.
To, gida bai iya shiru ba.

Ga shi nan duka a cikin kaset.
A baitin farko wuƙar Inna na saran kabeji a kan katako.
Wajen amshi ƙofa ta ja, Baba ya dawo daga bakin ruwa,
takalmin roba ya faɗi, ɗaya, sannan ɗayan.
Sai wata 'yar murya, tawa, ina shekara shida,
ina bin waƙar a karkace, ina haɗiye rabin kalmomi.
Sai shi: "Kozue, shsh! Kin ɓata min."
Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Shekara talatin da takwas ke nan.
Baba ya riga, Inna ta bi shi bara.
Michitaka kuwa, jirginsu ya fita wata asuba a Nuwamba,
teku ta dawo mana da hula, ta riƙe saura.
Ba mu da muryarsa a ko'ina.
Haka dai muka zata.

Waƙar tana cikin wayata, an wanke ta tas,
babu shuuu, babu wuƙa, babu takalmi.
Wani lokaci nakan ji ta a kanti dab da rufewa,
in ga wani mai furfura riƙe da kwando
ya tsaya cak gaban firjin madara,
leɓɓansa na motsi.
Ba ma gaisawa. Mun dai san juna.

Waccan ta kowa ce.
Tawa ita ce wadda na ɓata.

Daren jiya 'yata ta zauna kusa da ni,
ta ce ta taɓa ganin katun ɗin, zanen ma rawa yake yi,
ta ce, "Wai me ya sa waƙar yara take sa ki kuka?"
Na buɗe baki zan amsa, fiyanon ya fara,
sai na ji kaina ina ce mata, "Shsh."
Ta yi shiru.
Ta fi ni jin magana.

Kaset ya kai ƙarshe, maɓalli ya ɗago da kansa, ƙas.
Dusar ƙanƙara na taruwa a bakin taga.
Ina tsoron rikodar ta cinye zaren,
sai na zura fensir a ramin kaset ɗin,
na juya shi baya, a hankali, a hankali,
don in sake jin yayana yana yi mini faɗa.